Jan mazarin da ke kwanciya kan dutse a rafi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga wani jan mazari yana sauka kan duwatsun tsakiyar rafi, gindin fikafikansa ruwan goro, kana tambaya ko shi ne nau'in da masana ke kira Crocothemis erythraea. A ganina ba shi ba ne. Yadda ka siffanta shi ya fi kama da namijin Trithemis kirbyi, wanda masani Selys ya yi wa suna a 1891.

Na daɗe ina bin mazari a bakin ruwa, kuma abin da na koya shi ne, ja kaɗai ba ya raba gardama, don jajayen suna da yawa. Fara da fiffike. A jikin kirbyi, ruwan goron nan ya mamaye gindin fikafikan duka huɗu, faffaɗa ne, tun daga nesa za ka hango shi, musamman idan ya tashi rana ta haske shi. Shi kuwa Crocothemis, tabonsa ƙarami ne, a fikafikan baya ya fi fitowa. Sannan jelarsa faffaɗa ce kamar an danne ta, kuma ya fi son ruwan da ke kwance, irin kududdufi da tafki.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne Trithemis arteriosa, domin sau da yawa rafi ɗaya suke zama. Shi ma ja ne har jijiyoyin fikafikansa, amma jelarsa siririya ce, da baƙi-baƙi a gefenta wajen ƙarshe. Nan ne wurin zama yake taimakawa sosai. Arteriosa ya fi son kan tsinke ko bakin ciyawar da ta leƙa ruwa, kirbyi kuma dutse tsirara yake nema, ya lafe a kai. Ba doka ba ce, na sha ganin kowannensu ya saɓa, sai dai in ka haɗa wannan da faɗin tabon fiffike da wuya ka kuskure.

In rana ta take, za ka ga kirbyi ya sauke fikafikai ƙasa ya ɗaga jela sama tana kallon rana. Kada ka ɗauki wannan alamar ganewa, dabarar rage zafi ce, danginsa da dama suna yi.

Tsawonsa bai fi santimita 3 da 'yan kai ba. Yana kusan ko'ina a Afirka, har yankin Larabawa da Indiya, kuma a 2007 aka fara ganinsa a Sifaniya.

Matan kam sai haƙuri. Launinsu rawaya ne mai duhu, haka ma namijin da bai gama girma ba, shi ya sa ni ba na yanke hukunci a kansu da hoto guda.

Idan za ka koma, je da hantsi zuwa azahar ranar da babu hadari. Ko ya tashi kada ka bi shi, namiji yana tsaron wurinsa, zai dawo kan dutsen nan ko na kusa da shi. Ka tsuguna, ka kula kada inuwarka ta faɗa masa. Ɗauko mana hoto biyu, ɗaya ta sama fikafikan su fito, ɗaya ta gefe mu ga jelar, sai mu tabbatar.