Giwayen Yankari na cinye mana amfanin gona, mene ne mafita?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka ce giwaye na fitowa daga dajin Yankari da daddare suna cinye muku masara da dawa, kuma wasu na ba ka shawarar harbi ko sa guba.

Kada ka yarda da wannan shawarar. Doka ta haramta kashe giwa, kuma wadda aka raunata ta fi kowace haɗari ga mutanen gari. Ga shi garken Yankari na cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya, giwa kuma sai ta yi kusan wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda.

Dajin ba shi da shinge, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Da rani giwayen suna zama kusa da kogin Gaji, amma idan amfani ya nuna ƙamshinsa ke jawo su waje. Lokacin ne ake buƙatar gadi, kuma na haɗin gwiwa, domin mutum ɗaya da tocila ba zai iya ba. Ku kewaye gonaki da igiya da tsummoki da aka shafa wa dakakken barkono da baƙin mai, a sabunta bayan ruwan sama. Amyar zuma ma na taimakawa, giwa na gudun ƙudan zuma. Ganga da gwangwani suna aiki, sai dai giwaye suna sabawa da su, don haka ku riƙa sauyawa.

Kada kowa ya tunkari uwa mai ɗa, kada kuma a tare musu hanyar komawa daji.

Da zarar kun ga sawunsu, ku sanar da mai gari da jami'an gandun daji. Ƙungiyar WCS mai kare namun daji ma tana aiki a Yankari tare da gwamnatin Bauchi. Ku ɗauki hoton ɓarnar kafin a taɓa gonar.