Me ya sa barewar ta fito kamar inuwa?

Tambaya: Malam, mun bi wata hanya da ta ratsa kurmi a kan duwatsu, ina ta ɗaukar hoto da waya daga cikin mota. Itatuwa sun fito dishi-dishi, barewar da muka gani kuwa sai ka ce inuwa. Ko wayar ce ta samu matsala?

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, duhun kurmi ne ya yi maka haka. A ƙarƙashin manyan itatuwa hasken da ke isa kyamara kaɗan ne, sai ta bar idonta a buɗe ya ɗan jima, kamar 1/30 na daƙiƙa. Kafin ta rufe, mota ta matsa, hannunka ya motsa, barewa ta juya kai.

Ka tsaya inda aka yarda a tsaya, ka kashe injin, domin kakkarwarsa tana bin ƙofa har zuwa hannunka. Sauke gilashi. In ba haka ba kyamara za ta kama ƙurar da ke jikinsa, ko ka iske farar rigarka ta fito a tsakiyar daji. Dafa gwiwar hannu a kan taga, ka taɓa dabbar a fuskar wayar don kada ganyen da ke gabanta ya ɗauke hankalin kyamara. Idan wayarka tana da sashen Pro, inda kake saita kyamara da kanka, sa saurin ɗauka a 1/500, tsuntsu mai tashi kuma 1/1000 ko sama, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na jin haske. Hoton zai yi ɗan tsakuwa-tsakuwa, amma ni dai gara wannan da wanda ya dagule.

Jawo hoto da yatsu biyu kuwa, da zarar ka wuce lambobin da ke ƙasan allo, irin su 2x ko 3x, galibi yanka hoton kawai wayar take yi tana buɗa shi. Kuma ka kashe filasha, ka zauna cikin mota. Dabba ta fi sakin jiki da mota a kan mutum a tsaye.

Tambaya: Ni kuma da na fito daga mota sai idon kyamarata ya yi hazo.

Amsa: Hajiya, raɓa ce. Na'urar sanyaya mota ta sanyaya gilashin kyamarar, ya haɗu da iska mai ɗumi da laima. Ki bar ta a jaka ta ɗan yi ɗumi kafin ki fito da ita, kuma kada ki goge da bakin mayafi.

Tambaya: Cajin wayata yana zuba a kan dutse kamar ana tsiyayar ruwa. Me ke jawo haka?

Amsa: Inda sabis ya yi rauni, waya tana ƙara ƙarfi wajen neman turken sadarwa, sanyi kuma yana rage kuzarin batirin lithium. Sauke taswira tun kana gida, ka sa wayar a yanayin jirgin sama, GPS zai ci gaba da aiki. Tsakanin hoto da hoto, mayar da ita aljihun ciki.