Oga, tsohuwar mota sai fetur mai oktan sama?

Ka ce Alhajin nan mai Accord ta 2003 ya tare ka a bakin gareji, wai ya gani a waya cewa mota in ta tsufa, ta ci hanya, sai a koma ba ta fetur mai oktan sama, har yana so ka nemo masa kwalbar ƙarin oktan a Sabon Gari, nan Zariya, don motarsa tana ƙara in ya taka ta a hawa. Kai kuma kana tambayata ko gaskiya ne. To ajiye sifanar nan ka zauna, don wannan tambayar za ta yi ta dawo maka har ranar da ka buɗe naka garejin.

Shekarun mota ba su ne ke zaɓa mata fetur ba. Wanda ya ƙera injin shi ya zaɓa tun a masana'anta, ya rubuta a littafin motar, wani lokaci har a bayan murfin tanki. Abin da ya duba kuwa shi ne yawan matsin da injin ke yi. Ka san fistin yana hawowa yana matse iska da mai, fulogi ya kyasta a daidai lokacinsa, wutar ta taso daga bakin fulogi ta bi ta cinye man har gefe. To in man ba shi da juriya, ragowar da ke can gefe ba ta jira wutar ta iso, zafi da matsi su sa ta fashe da kanta. Wannan fashewar ce ke dukan kan fistin, kai kuma daga cikin mota ka ji wata siririyar ƙara, ƙyal-ƙyal-ƙyal, da zarar an danna totur. Lambar oktan awon wannan juriyar ce, shi ke nan. Injin da bai matse mai sosai ba, ko ka zuba masa mai 98 ba zai ƙara gudu ba, ba kuma zai rage sha ba. Kuɗin mai motar ne kawai zai tafi.

Sai maganar lambobin, don a nan mutane ke ruɗewa. Accord ɗin Alhaji daga Amurka ta zo, shi ya sa ma agogonta da mil yake ƙirga, in ka ga 200,000 to ta haura kilomita 320,000. Littafinta ya ce 86 ko sama, wato mai 87 ya ishe ta. Mutum ya ji ana cewa a Turai 95 ake sha, sai ya ɗauka motarsa tana shan na talakawa. Awon ne ba ɗaya ba. Turawan Turai, da mu nan, da awon RON muke aiki. Amurkawa suna haɗa RON da wani awon mai tsanani da ake kira MON su raba biyu, sai lambarsu ta fito ƙasa da kamar huɗu ko biyar. Saboda haka 87 ɗin Amurka shi ne wajen 91 a namu awon, 91 ɗinsu kuma shi ne wajen 95.

Mu kuma a nan, tashi daga Samaru ka bi ta Kwangila ka fita har Ɗan Magaji, ka shiga kowane gidan mai, fetur iri ɗaya za ka tarar, sai gas a gefe. Babu fanfo uku da za ka tsaya kana zaɓe. Wanda ake sayarwa a ƙasar nan a kan 91 aka tsara shi, wato daidai abin da injin Accord mai silinda huɗu yake nema, don matsinsa 9.7 ne a kan 1. Camry da Corolla na wannan zamanin su ma duk nan suke. Ka ga ke nan in man na kirki ne, motar Alhaji tana samun haƙƙinta. In tana ƙara, wani abu ne ya canza a cikinta, aikinka kuma shi ne ka gano shi.

Amma kar ka ƙaryata mutumin gaba ɗaya, maganar da ya gani tana da tushe. Inji in ya daɗe yana aiki, baƙin kabon yana taruwa a kan fistin da cikin top silinda, ya daskare kamar ƙanzon tukunyar tuwo. Yana yin ɓarna biyu. Yana cinye wurin da man zai zauna, sai matsi ya ƙaru fiye da yadda aka ƙera. Yana kuma riƙe zafi, har wani ɓangarensa ya yi ja ya kunna man kafin fulogi ya kyasta. Irin wannan injin da gaske ya fi son mai juriya fiye da lokacin da yake sabo, kuma a ƙasashen da ke da zaɓi, hawa mataki ɗaya yakan kashe ƙarar. Sai dai kabon ɗin yana nan daram. Kuma tsufa yana da wata fuskar: ringi ya cinye, bawul ba ya zama daidai, matsi ya zube, wannan injin buƙatarsa ta oktan raguwa ma take yi. Motoci biyu 'yan shekara ɗaya, masu tafiya ɗaya, ɗaya matsinta ya hau ɗaya ya sauka. Da ido ba za ka sani ba. Ka kwance fulogai, ka sa gejin matsi, ka danne totur har ƙasa a yi maka ki, ka rubuta lambar kowace silinda. In sun haura abin da littafi ya ce, kabon ne. In sun yi ƙasa, ko ɗaya ta bambanta da 'yan uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, lalacewa ce, kuma babu irin man da zai gyara ta.

Kafin ma ka kai ga geji, ka tabbatar ƙarar da kake ji ita ce. Ɗauki motar in ta yi zafi, ka hau gadar Kwangila ba da gudu ba, ka ɗan danna mata totur ba tare da giya ta sauka ba. In ƙarar siririya ce, ta zo da dannawa ta ɓace da ɗaga ƙafa, to ita ce. In kuwa mai nauyi ce daga ƙasan inji, gwaf-gwaf, tana bin juyin inji ko motar tana tsaye, wannan metal ne, wato ƙarfen da kuranshaf ke juyawa a kansa ya cinye, kashe ta nan take, kar ka ƙara ko mita ɗaya da ita. Ka kuma lura da lokaci. Motar da ta yi shiru duk hunturu takan fara wannan ƙarar a watan Maris da Afrilu, in zafin Zariya ya kankama kuma an kunna AC, don iska mai zafi tana rage wa mai juriya.

Shi ya sa nake fara duba sanyayawa kafin komai: lagireto ko ya toshe da laka da tsatsa, fanka ko tana tashi a kan lokaci, murfin lagireto ko yana riƙe matsi. Daga nan fulogi. Wanda ba lambarsa ba, musamman mai riƙe zafi, shi kaɗai ya isa ya jawo wannan ƙarar, ga jabu ya cika kasuwa. Sai fanfon mai da nozul, don in mai yana zuwa kaɗan iska ta yi yawa, wutar takan yi zafi fiye da ƙima. In motar tana da bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, ciro shi ka gani, yawanci za ka same shi a toshe. In kuma tana fitar da hayaƙi shuɗi, baƙin mai ne ke shiga ɗakin wuta, shi ma yana karya juriyar fetur, kuma shi ke haifar da kabon ɗin.

Bari in faɗa maka abin da ke ci mini rai a sana'ar nan, cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi. Mota ta zo daga waje, abu na farko a ciro shi a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Injin ya daina kai zafin aikinsa da wuri, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ƙara mai, man da bai ƙone ba ya zama kabon. Shekara biyu uku motar ta dawo tana ƙara, a ce fetur ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Tsofaffin na kafireta da distiributa, irin su Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, nasu ya fi sauƙi. Yawanci wani ne ya murɗa taimin, wato lokacin da fulogi ke kyastawa, ya kai shi gaba da kunne don mota ta ja. Sa fitilar taimin ka mayar da shi kan makinsa, in har yanzu tana yi ka ɗan ja baya kaɗan. Na injekta kuwa suna da sensa a jikin bulok da ke sauraren ƙarar, kwamfuta ta ja taimin baya da kanta. In sensar ta mutu ko ɓera ya ci wayarta, na'urar gwaji za ta nuna maka lambar matsala P0325.

Kwalbar da Alhaji ke so, ka karanta jikinta da kyau. Da yawansu in sun ce suna ƙara maki 3, nufinsu 0.3, wato 91 ya koma 91.3. Wasu kuma da manganis a ciki, za ka gane su in ka kwance fulogi ka ga bakinsa ya yi ja kamar tsatsa, kuma a hankali suna illata sensar salansa da katalis ɗin nan da muke kira indomi. Gara ka tambaye shi inda yake shan mai. Fetur ɗin bunburutu da ya wuni a galan cikin rana, ko aka zuba a jarkar da ta ɗauki gas ko kananzir, oktan ɗinsa ya riga ya faɗi. Ya bari tanki ya yi ƙasa, ya cika a gidan mai da ke da ciniki, ya gwada. Kuma lamba ba ita ce ingancin mai ba. Ka tuna farkon 2022 da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta mutuwa a hanya? Metanol ya fi fetur oktan nesa ba kusa ba, bai hana shi cin robobi da janyo ruwa cikin tanki ba.

Waɗanda suke da matsala ta gaske su ne masu Marsandi da BMW da ƙananan injuna masu turbo da murfin tankinsu ya ce 95. Su kullum kwamfuta tana ja musu taimin baya a kan man da muke da shi, ƙarfi ya ragu, sha ya ƙaru. Abin da za ka iya yi musu shi ne sanyaya ta zama lafiya lau, fulogi na asali, sensa tana aiki, ka kuma gaya wa direba kar ya labta kaya ya danne totur a babbar giya cikin zafin rana, ya sauko da giya injin ya juya da sauƙi.