Tsibirin Gili Trawangan da masu yawo da jaka a baya

Malam ka tambaya wai turawan nan masu yawon buɗe ido da jaka goye a baya suna amfanar mutanen ƙananan tsibirai ne ko ɓata wurin kawai suke yi? Gaskiya suna kawo kuɗi sosai, amma wurin ba ya komawa yadda yake. Dubi Gili Trawangan da ke kusa da Lombok a Indunusiya, da can masunta ne Musulmi da gonakin kwakwa, sai wajen 1980 zuwa 1990 matasan Turai suka fara zuwa suna kwana a gidajen mutane da araha, yau bakin tekun duk otal ne da mashaya da shagunan koyar da nutso, ga masallaci na kiran sallah ga kiɗa na tashi a gefe. Mota dai har yanzu babu, sai keke da keken doki.

Sharaɗin amfanar mutanen wurin da na gani da idona shi ne mallakar fili. Wanda ya riƙe filinsa ya gina ɗakunan haya shi ya ci riba, wanda ya sallama wa baƙi kuma yaransa ne ke wanke kwanuka a otal ɗin. Abin da ya fi damuna ruwa ne wallahi, rijiyoyinsu gishiri-gishiri ne, ruwan sha sai an ɗauko a kwale-kwale daga Lombok ko a tace na teku, sannan ga bola ta taru a tsakiyar tsibirin. Kuma da girgizar ƙasar 2018 ta kori baƙi, masu aikin otal zaman banza suka koma na watanni.