Ko ƙwayoyin man kifi na tare taɓin hankali tun yana farawa?

Tambaya: Ɗana shekararsa 19. Wata huɗu ke nan ya daina shiga mutane, ba ya barcin dare, yana cewa ana yi masa magana a kunne. An kawo mana ƙwayoyin man kifi daga Kano, wai suna maganin sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, in an tare ta da wuri. Mu fara ba shi? Wata uwa, Maradi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A fara kai shi asibiti cikin makon nan, man kifi ya biyo baya.

Maganar tana da tushe. A 2010 an buga wani bincike na birnin Biyana, ƙasar Ostiriya, kan matasa 81 da ake tsoron ciwon zai kama su. An ba 41 giram 1.2 na omega-3, sinadarin da ke cikin man kifi, kullum har mako 12, sauran 40 aka ba su ƙwayar da babu maganin a ciki. Bayan shekara, 2 ne suka kamu a rukunin farko, 11 a na biyu. Sai dai da aka maimaita gwajin kan mutum 304 a ƙasashe da dama, sakamakon 2017 bai nuna bambanci ba. Kuma waɗancan matasan ciwon bai kama su sosai ba tukuna, shi kuwa ɗanki ya yi watanni a haka. Jinkiri na ƙara wa jinya wuya.

Likita zai fara bincika ko tramol ne, ko wiwi, ko farfaɗiya, ko ƙarancin bitamin B12. In ciwon ne, akwai magunguna irin su haloperidol ko risperidone, ana farawa da kaɗan, sauƙi kan bayyana cikin mako 2 zuwa 6. In wuyansa ya sanƙare ko hannu na rawa, a koma wurin likita, akwai maganin hakan. Kada a tsayar da shan haloperidol ko risperidone ɗin a gida ba da sanin likita ba. In muryoyin na umartarsa ya cutar da kansa ko wani, ranar za a tafi asibiti.

In likita ya yarda a haɗa da man kifi, ki duba bayan kwalba. Ƙwayar da aka rubuta 1000 mg galibi EPA da DHA ɗinta, wato omega-3 ɗin da ke ciki, 300 mg ne kawai, sai an sha huɗu a kai adadin Biyana. Zafin Maradi kuma na lalata mai, balle wanda ya yini a rana kan tebur a kasuwa. Ki fasa ɗaya ki sansana, in tana warin ɓataccen mai, a zubar. In yana shan asfirin, a gaya wa likita. Gwangwanin sardin sau biyu a mako ma abinci ne mai omega-3, kuma ya fi araha.