Kafin ki nemi mai zane, ki fara raba shafukanki

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Kin tambaya ko ki miƙa labarin yaran da kika kammala ga mai zane yanzu, ko kuwa ki fara zuwa maɗaba'a ki ji farashi. A ganina duka biyun su dakata tukuna, har sai kin raba labarin shafi-shafi da hannunki.

Dalili kuwa shi ne, maɗaba'a ba ta buga shafi ɗai-ɗai. Babbar takarda ake bugawa a ninke ta, ta ba da shafi 8 ko 16, shi ya sa littattafan yara suka fi zuwa da shafi 24 ko 32. Ki sami farar takarda guda 8, ki ninke su biyu, ki ɗinke tsakiya, kin sami shafi 32 ke nan. Ki ware shafukan farko domin sunan littafin da bayanin haƙƙin mallaka, sannan ki yanyanka labarin ki liƙa kowane yanki inda zai zauna. A nan ne za ki ga jimlolin da zane zai ɗauke musu aiki, domin idan hoto ya nuna yarinya tana kora jar akuya, babu amfanin rubutu ya sake faɗin launinta. Ki karanta wa ɗalibanki wannan ɗinkin, ki lura da inda suke ƙosawa a buɗe shafi na gaba.

Batun mai zane kuma, iya hannu kaɗai bai isa ba. Na taɓa aiki da wani gwani wanda bai san Sakkwato ba, sai ya zana mini ƙauye cike da bishiyoyin kwakwa, babu rumbu, babu zaure, babu raƙumi ko ɗaya. Ki ɗauki hotunan abubuwan da kike nufi da wayarki, ko kwalekwale ne a kogin Rima ko naɗin rawani, ki tura masa. Ki nemi ya fara nuna miki zanen fensir na dukkan shafuka kafin ya taɓa launi, saboda gyara a lokacin ba ya cin kuɗi. Ku kuma rubuta yarjejeniya a kan wanda ya mallaki zanen da yadda za a biya kashi-kashi, ko da ɗan'uwanki ne.

Idan aka zo bugu, ki karɓi kwafin gwaji ki bi ɓ da ɗ da ƙ ɗaya bayan ɗaya, domin wasu salon haruffan kwamfuta ba su da su, sai su fito a matsayin akwati. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaida da ake ba kowane littafi, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayarwa, kuma doka ta ce a kai masa kwafi 3 bayan an buga.