Amsa kan leƙa tsibirin Gore daga Dakar

Malam, ka tambaya ko yini ɗaya da zai rage maka a Dakar, babban birnin Senegal, bayan taronku zai ishe ka zuwa tsibirin Gore ba tare da shiri ba. Zai ishe ka, har da saura.

Ni ma haka na je, bayan sallar asuba, da wani abokin tafiyata daga nan Gombe, wanda ruwan da ya saba gani bai wuce na madatsar Dadin Kowa ba. Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar tafiyar kamar minti 20 ce, amma ka riƙe fasfo ɗinka, domin akan tambaye shi kafin a shiga.

Tsibirin ƙarami ne, mota ba ta yawo a cikinsa, sai lunguna masu yashi da tsofaffin gidaje ja da rawaya waɗanda furanni suka lulluɓe katangunsu. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Gidan Bayi, wanda aka ce a nan ake tsare bayi a da kafin a ƙetare teku da su, inda wata ƴar ƙofa ke kallon teku kai tsaye. Abokina ya daɗe tsaye a bakinta bai ce uffan ba.

Kafin ka fara zagaye, ka duba lokacin jirgin ƙarshe na komawa.